Muna so mu buɗe zaman taimakon masu shaye-shaye a cocinmu, wa ya san yadda ake yi?

Maman Rahila:

Salama 'yan'uwa. Dan Allah shawara nake nema, ku yi haƙuri maganar za ta ɗan yi tsawo.

Ina cikin shugabannin zumuntar mata a wata ƙaramar majami'a ta sashen Hausa nan cikin garin Sokoto, yawancinmu mutanen ƙasar Zuru ne da kudancin Kaduna da 'yan Filato kaɗan, wasu aiki ya kawo su wasu kuma nan aka binne cibiyarsu. Abin da ya hana mu barci yanzu shi ne shaye-shaye. Da in an ce ɗan ƙwaya tunaninmu yaran tasha ne, yanzu kuwa yaran da muka goya ne, waɗanda muka koya wa haddar aya a makarantar Lahadi, har da 'yan mata, har da magidanta.

Nawa na gida ɗan yayata ne. 'Yan bindiga sun shiga ƙauyensu, a gaban idonsa aka kashe babansa, shi kuma suka tafi da shi daji sai da aka sayar da abin da aka sayar kafin ya dawo. Na ɗauko shi ya zauna wurina, maigidana ya samo masa mashin yana kabu-kabu. Yaron nan ba ya barci, in ya ji ƙarar mashina da yawa da dare sai ya zabura ya shige bayan ƙofa jikinsa na ɓari, kuma bai taɓa buɗe baki ya faɗi abin da ya gani a dajin ba. Daga baya muka gane tiramol yake sha, ya ce abokan aiki suka ba shi don ya iya wuni kan mashin cikin ranar nan ta Sokoto, yanzu in bai sha ba ko tashi ba ya iyawa. An yi addu'a, an yi azumi, an kai shi addu'ar dare, ya fita gaba ya yi kuka ya yi alkawari, bayan sati biyu ya koma. Dattawa suka sa shi ƙarƙashin horo, tun daga ranar bai sake taka ƙofar coci ba.

Da na fara magana a zumunta sai ga shi ashe ba ni kaɗai ba ce, wannan ta ce mijinta ne da giya, waccan ta ce 'yarta ce da kodin, kowa ta rufe cikinta tana mutuwa a tsaye. Mun je wurin fastonmu ya ce zai ba mu ajin makarantar Lahadi mu riƙa zama in mun san abin da za mu yi. To nan ne gizo ke saƙar, ba mu sani ba. Na ji ana cewa a wasu ƙasashe coci na da irin wannan zama na mako-mako. Yaya ake tsara shi? Wa ke jagora, fasto ko wa? Zai yi aiki a wurinmu da kowa ya san kowa kuma magana ba ta kwana? Sannan shi yaron da ciwonsa ya wuce na ƙwaya kawai, a haɗa shi da sauran ko a raba?

Malam Ishaya:

Mama sannu da ƙoƙari, Allah ya ta'azantar da gidanku. Ni malamin makaranta ne, na taɓa zama cikin irin wannan zaman lokacin da nake aiki a Jos, bari in faɗi abin da na sani.

Asalin abin daga Amurka ne. A 1935 a garin Akron na jihar Ohayo wasu mashaya giya biyu, Bill Wilson da wani likita Bob Smith, suka gane cewa in suka zauna suna gaya wa juna gaskiya suna iya wuce ranar ba su sha ba, abin da wa'azi da asibiti suka kasa yi musu. Daga nan aka samu Alcoholics Anonymous (AA), ƙungiyar mashaya giya masu son bari, da matakanta 12, kuma tushenta ma daga wata ƙungiyar Kirista ne da ake kira Oxford Group. A 1951 matan mashayan suka kafa tasu, Al-Anon, saboda iyali ma suna da nasu ciwon, a 1953 kuma aka fara ta masu ƙwayoyi. Wadda ta fi kama da abin da kike nema ita ce Celebrate Recovery, wani mutum John Baker da shi kansa giya ta taɓa ɗaiɗaita shi ya fara ta a 1991 a cocin Saddleback a Kalifoniya inda Rick Warren yake fasto a lokacin. Ya ɗauki matakan nan 12 ya jingina kowanne da aya, ya ƙara ƙa'idodi 8 daga albarkun da Yesu ya faɗa a Matiyu sura 5, kuma bai tsaya kan giya da ƙwaya ba, har wanda aka ci zarafinsa, mai fushi, mai caca, duk suna zuwa.

Ba sai kun kwafe komai nasu ba, su suna da littattafai da kayan kiɗa da kuɗi. Abin da na ga yana riƙe zaman ƙa'idodi ne 'yan kaɗan. Ana haɗuwa rana ɗaya lokaci ɗaya kowane mako, ko mutum biyu ne suka zo a yi, don ranar da mutum zai ƙarfafa zuciyarsa ya zo ya tarar da ƙofa a kulle to da wuya ya sake dawowa. A buɗe da waƙa da addu'a da ɗan karatu gajere, sai a rabu maza daban mata daban. Kowa a ba shi minti 3 zuwa 5 ya faɗi yadda makonsa ya kasance, kan kansa zai yi magana ba kan matarsa ko maƙwabcinsa ba, kuma yana magana ba mai katse shi, ba mai ba shi shawara, ba mai jefa masa aya. Ya gama a ce mun gode, na gaba. Wanda bai shirya magana ba a ƙyale shi. Wannan ta hana katsewa ita ce mafi wuya a wurinmu wallahi, mu da mutum bai rufe baki ba mun buɗe masa littafin Karin Magana na Littafi Mai Tsarki, amma in kuka saki wannan ƙa'idar zaman ya koma wani wa'azin ne kawai, kuma wa'azi ba shi suka rasa ba.

Sai sirri. Abin da aka faɗa a ɗakin nan ya tsaya nan, ba a kai wa fasto, ba a kai wa dattawa, ba a mai da shi abin roƙon addu'a ranar Laraba, don mun san yadda "mu yi wa ɗan'uwanmu addu'a" ke zagaya unguwa kafin gari ya waye. Inda kawai ake karya sirri shi ne in mutum ya ce zai kashe kansa ko zai cutar da wani, kuma tun ranar farko ake gaya wa kowa haka.

Maganar jagora, a ganina kada fasto ya zauna cikin ƙaramin da'irar. Ya sa albarka, ya ba da ɗaki, ya tsaya muku a gaban dattawa, amma yaro ba zai ce jiya na sha ba a gaban mutumin da gobe zai zauna shari'ar horonsa. Ku nemi wanda ya taɓa shiga ya fita ya kuma daɗe a tsaye. Akwai su a cocinku, kunya ce ta sa ba ku san su ba. Ku matan zumunta kuma ku fara da naku zaman na iyaye da matan aure, wannan ba ya buƙatar jiran kowa.

Nas Bello Sakkwato:

Assalamu alaikum. Ni Musulmi na, amma ma'aikacin jinya na kuma wagga matsala ba ta tambayar addinin mutum kahin ta shiga gidanai, don haka ku ba ni dama in sa baki. Maman Rahila abin da kunka yi niyya abu na mai kyau, Allah shi taimaka.

Ki sani ba cocinku ɗai ba ta. Binciken da anka yi a 2018 tsakanin gwamnati da ohishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun sha wani abu cikin shekara guda a Najeriya, miliyan 4.6 daga ciki irin su tiramol da kodin na, kuma cikin kowane mutum huɗu masu sha guda mace ta. A watan Mayu na 2018 gwamnati ta hana shigowa da haɗa maganin tari mai kodin bayan rahoton BBC, amma kowa ya san kwalabe ba su ɓace daga kwata ba.

Abin da nika roƙonku na hwarko, kada zaman coci shi zan madadin asibiti. Akwai abin da zama ka yi, akwai abin da ba shi iyawa. Mutumin da ya daɗe shina shan giya kullum, ko ƙwayoyin sa kwana irin diyazifam da rochi, in ya yanke lokaci guda, cikin kwana biyu zuwa ukku shina iya kama rawar jiki, shi riƙa ganin abin da babu, shi yi farfaɗiya, har shi mutu. Mun ga waɗanda anka rufe ɗaki anka ce azumi da addu'a, sai da abu ya ɓaci anka kawo su ranga-ranga. Irin wanga a hannun likita aka rage mishi sannu-sannu. Shi tiramol barinshi bai cika kisa ba amma wahala ta, ciwon gaɓɓai, zawo, gumi, hamma, majina, rashin kwana, sai mutum shi ji kamar ranshi za shi hita, shi ka sa yaronki ke komawa bayan ya yi alkawali, ba raini na ba. Kuma irin wanda aka saidawa ga titi mai lamba 225 ya wuce ƙarhin wanda likita ka rubutawa nesa, shi kanshi shina kawo farfaɗiya, ki duba mutum na bisa mashin da hwasinja abin shi taso mishi.

Wani abin da mutane ba su sani ba, wanda ya bari na wata biyu ko ukku jikinshi ya manta ƙarhin abin, ran da ya koma in ya sha adadin da ya saba da, nan aka rasa rai, balle in ya haɗa da giya ko maganin kwana, numhwashi ka tsayawa. Ku riƙa hwaɗa musu wanga a hili cikin zaman.

Muna da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya nan Kware, ga sashen masu taɓin hankali a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, hukumar NDLEA ma tana da masu ba da shawara ba kamu ɗai sukai ba. Na san da an ce Kware sai mutane su ce ai ɗana ba mahaukaci ba na. Mama ki kai shi a duba shi, rashin kwana da zaburan nan da kinka hwaɗi suna da magani, kuma ku roƙi wani ma'aikacin lahiya shi riƙa zo muku ko sau guda ga wata.

Na biyu, don girman Allah ban da mari ban da bulala. Kun tuna 2019 da 'yan sanda sunka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna anka hiddo mutum sama da 300, da yawa da sarƙa ga ƙahwa, daga baya anka samu irinsu Daura da Katsina. Rahoton ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch na wannan shekarar ya nuna ɗaure mutane na hwaruwa ga wuraren Musulmi da na Kirista da na gargajiya duka, ba wanda ya tsira. Tun Janairun 2023 akwai sabuwar dokar lahiyar ƙwaƙwalwa da ta maye tsohuwar ta 1958, mai ciwo na da haƙƙinai.

Amma zaman da Malam Ishaya ya hwaɗi, mu ma muna bukatarshi. Mu sati kaɗan muka riƙe mutum mu sallame shi, shi koma unguwa guda da mai saida mishi, ba mu da mai bin shi gida. Babban nazarin Cochrane, ƙungiyar masu tattara binciken likitoci, na 2020 ya nuna ga masu giya irin zaman AA na taimakawa wurin bari gaba ɗai daidai da sauran hanyoyin likita ko ma hiye. Ga giya anka gwada hwa, kada a ce na ce tiramol.

Baba Dattijo:

Na karanta duka. Ni dattijon ikilisiya ne, na daɗe a ciki, kuma zan faɗi abin da ke raina ko da ba zai yi wa wasu daɗi ba. Tsorona shi ne kada mu mai da zunubi ciwo. Littafi ya faɗa sarai a Galatiyawa sura 5 cewa buguwa aikin jiki ne, 1 Korintiyawa sura 6 ma haka. In yaro ya zo kowane mako ya ce na sha, aka ce mun gode, ba tsawatawa ba komai, me muka koya masa? Horo ba mu muka ƙirƙiro shi ba, kuma ba don ƙiyayya muke yi ba, ni kaina na yi hawaye ranar da muka dakatar da ɗan abokina daga Jibin Ubangiji. Sannan a ce abu na faruwa cikin harabar coci amma fasto da dattawa ba su san abin da ake faɗa ba, gobe in wata fitina ta fito wa za a tambaya? Ina goyon bayan a taimaki yaran nan ɗari bisa ɗari, asibiti ma a kai su, amma a nuna mini inda tuba take a cikin wannan tsarin.

Ɗan Gidan Igwai:

Baba ina gaisuwa, ku gafarce ni zan amsa muku, don ni ina cikin waɗanda ake magana a kansu. Kodin na fara sha tun ina makaranta, daga baya na haɗa da tiramol da ekzol, babu abin da ban ɗauka a gidanmu na sayar ba har keken ɗinkin mamata. Yau shekaru ke nan ban sha ba, ina da aure ina da sana'a, godiya ga Yesu.

Baba ba wanda ya kai ɗan ƙwaya sanin cewa abin da yake yi zunubi ne. Ba sai an gaya masa ba, da shi yake kwana da shi yake tashi. Na fita gaban bagadi ban san iyaka ba, kuma duk fitar da na yi da gaske nake. Abin da Bulus ya faɗa a Romawa 7, cewa nagarin da yake so ba shi yake yi ba sai mugun da ba ya so, ni a jikina na karanta shi. Matsalar ita ce bayan an ce amin kowa ya tafi gida, ni kuma ƙarfe biyun dare ƙasusuwana na ciwo ga lambar mai sayarwa a kaina, ba wanda zan kira. In na faɗi kuma ba zan iya gaya wa kowa a coci ba don na san abin da zai biyo baya, sai in sa farar riga ranar Lahadi in zo in yi waƙa, ƙarya kan ƙarya, kuma ƙaryar nan ita ke ciyar da shan.

Wanda Allah ya yi amfani da shi a kaina wani tsohon soja ne da giya ta kusa kashewa. Mu huɗu yake tarawa a shagonsa da yamma bayan an sallame ni daga asibiti, ba suna ba allo. Ranar farko da na ce masa na koma na sha, ina jiran zagi, sai ya ce to da ƙarfe nawa, kana tare da wa, me ya faru kafin nan. Muka bi abin daki-daki sai ga shi ranar da aka biya ni kuɗin aiki ne, kuɗi a aljihu, na bi ta hanyar da na saba. Daga nan kuɗina ya koma hannun yayata, na canza layin waya, na daina bin wannan titin ko da zagaye zai ci min kuɗin mashin biyu.

Kun tambayi inda tuba take. Baba a cikin matakan nan akwai inda za ka zauna ka rubuta duk abin da ka aikata ba ɓoye-ɓoye, ka karanta shi a gaban Allah da gaban wani mutum ɗaya, kamar yadda Yakubu 5:16 ta ce mu furta wa juna zunubanmu mu yi wa juna addu'a don mu warke. Akwai inda za ka jera sunan duk wanda ka cuta ka je ka same shi ka biya abin da za ka iya biya, irin na Zakka mai karɓar haraji a cikin Littafi. Ni sai da na yi tanadi na sayi wani keken ɗinki na kai wa mamata na durƙusa. Wallahi zaman horo a bencin baya na wata shida ya fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba. Ban ce a soke horo ba, ba ni da wannan bakin. Roƙona in kun dakatar da yaro ku haɗa shi da mutum ɗaya da zai riƙa nemansa, kada dakatarwar ta zama sallama. Maganar sanin abin da ake faɗa kuma, jagoran zai iya zuwa gabanku lokaci-lokaci ya ce mutum kaza ke zuwa, ga abin da muke karantawa, ga abin da muke bukata, ba tare da sunan kowa ba.

Maman Rahila, kar ki ce masa zo coci an buɗe zaman 'yan ƙwaya, ba zai zo ba, ni ma da ba zan zo ba. Kar ku rubuta komai a ƙofa, kar a yi sanarwa da sunan shaye-shaye, ku sa lokacin da harabar ba kowa. Ki samo namiji da ya taɓa ciki ya je ya same shi inda suke ajiye mashin, ya hau ya biya kuɗin kamar kowane fasinja, hira ta fara daga nan. Kuma ku tuna awa biyun da zai zauna kuɗin cefanensa ne yake bari, in zumunta za ta iya kawo ko kunun zaƙi da ƙosai ne ya rage wani abu.

Anti Laraba:

Ni 'yar Katolika ce, na samu horon sauraron waɗanda tashin hankali ya taɓa, kuma tambayar Mama ta ƙarshe nake so in taɓa don ba wanda ya tsaya a kanta sosai.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yaron nan tiramol ɗin ba don nishaɗi yake sha ba, shi ne abin da ya samu da ke rufe masa hoton babansa na ɗan lokaci. In kuka cire ƙwayar kuka bar shi da hoton, zai nemo wani abin. Kuma irinsa sun cika jihar nan, duk wanda ya san Sabon Birni da Isa da Rabah da Goronyo da Tangaza ya san abin da mutane suka gani a shekarun nan, ga na ƙasar Zuru da Danko Wasagu, ga sojoji da 'yan sandan da ke dawowa daga daji su ma da nasu. Mu Kiristan cikin gari ma tun kisan ɗaliba Deborah Samuel a watan Mayun 2022 da dokar hana fita da ta biyo baya akwai matan da har yau in suka ji hayaniya a titi sai cikinsu ya murɗa, ba su taɓa gaya wa kowa ba.

Shawarata a raba zaman biyu ko da mutanen ɗaya ne. A zaman shaye-shaye ana so mutum ya duba laifin kansa. A zaman raunin zuciya abu na farko da mutum ke bukatar ji shi ne abin da aka yi maka ba laifinka ba ne. In kuka cakuɗa su, yarinyar da aka yi wa fyaɗe a daji za ta zauna tana neman nata laifin, kun ƙara mata ciwo ke nan.

Kada a tilasta wa kowa ba da labari, kuma dan Allah kada a tsayar da wanda ya dawo daga hannun 'yan bindiga gaban jama'a a ce ya ba da shaida sati ɗaya da dawowarsa, ana tafi ana haleluya shi kuma yana komawa dajin a cikin kansa. Tambaya uku aka koya mana, me ya faru, yaya ka ji, mene ne ya fi maka wuya, sai ka yi shiru ka saurara, in ya tsaya a tsakiya ka bar shi. Wani sai an yi watanni ana shan shayi tare kafin kalma ɗaya ta fito.

Kada kuma a yi gaggawar cewa ka gafarta. Gafara tana zuwa, amma ba a fara da ita. Littafinmu cike yake da kuka, akwai littafi guda mai suna Makoki, Zabura 13 tambayar Allah take yi har yaushe, Zabura 88 kuma har ta ƙare ba haske a ciki, kuma Allah bai cire su ba. Mukan sa mutum ya rubuta nasa makokin ko ya rera shi da harshensu na gida, ya gaya wa Allah fushinsa kai tsaye. Ku duba Iliya a 1 Sarakuna 19, annabi guda ya kwanta ƙarƙashin itace yana roƙon mutuwa, mala'ika bai yi masa faɗa ba, abinci da ruwa ya ba shi ya bar shi ya yi barci, ya sake ba shi, sai daga baya magana ta zo. Baba Dattijo ina ganin a nan ma akwai amsa.

In mutum ya fara cewa gara in mutu, ko yana jin muryoyi, ko ya yi kwanaki ba barci sam, wannan ya wuce ku, ku bi maganar Nas Bello a ranar, kada a bar shi shi kaɗai kuma a kawar da maganin ƙwari da na ɓera daga ɗakin. Su masu sauraron ma su samu wanda za su sauke wa, don labaran nan suna bin mutum gida.

Mata kuma a yi musu nasu a ɓoye sosai, mace ce za ta jagoranta, namiji ko ɗaya kar ya shiga. Namiji in ya daina sha ana yaba masa, yarinya kuwa in aka ji ta taɓa shan kodin maganar aurenta ta lalace ko da ta daina tun tuni, shi ya sa ba sa fitowa sai abu ya yi nisa. In ajin makarantar Lahadi a bakin hanya yake, gara ku yi na matan a gidan wata dattijuwa da aka saba ganin mata na shiga, ranar da ake koyon saƙa ko haɗa sabulu.

Maman Rahila:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa, Baba mun ji kuma za mu kawo tsarin gaban dattawa a rubuce kafin mu fara. Mun yi magana da mata uku, za mu fara namu na iyaye ranar Alhamis da yamma in rana ta yi sanyi. Nas Bello dan Allah in za a je Kware sai da takardar wani asibiti ko mutum na iya zuwa kai tsaye, kuma dole ne a kwantar da shi? Don in ya ji kwanciya ce na san ba zai yarda ya bar mashin ɗin ba.

Nas Bello Sakkwato:

Mama ba kowa aka kwantarwa ba, da yawa ganin likita sukai su amshi magani su koma gida a ba su ranar dawowa, likita ka yanke wanga bayan ya duba shi. Ku tahi da sahe, ki riƙa mishi kwalin abin da shika sha ko hotonshi ga waya don a san ƙarhinshi, kuma shi hwaɗi gaskiyar guda nawa shika sha ga wuni da abin da shika haɗawa da shi, ba mai kama shi don ya hwaɗi. In ya hi sakewa da namiji to maigidanki shi raka shi, ke ki jira waje lokacin da likita ka tambayarshi.